Kare Sadarwar Iska Daga Mai Laɓe: Allon Juya Sigina, Eriya Masu Yawa Ko Na'urar Miƙawa?

Duk saƙon da aka aika ta iska, ko ta Wi-Fi ne ko ta layin salula, ba ya tsayawa ga wanda aka nufa da shi kaɗai, domin igiyar rediyo tana bazuwa ta ratsa taga da bango har ta kai ga kowace eriya da ke kusa. Jami'in da ke kula da tsaron sadarwar banki ko asibiti ko masana'anta, haka ma ɗalibin injiniya da ke neman abin da zai yi bincike a kai a digiri na biyu, yanzu yana cin karo da wata fasaha da mujallun bincike ke ta yayatawa. Allo ne mai ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƙananan ƙwayoyi, ana maƙala shi a bango ya riƙa juya sigina zuwa ga mai ita, yana kawar da ita daga mai laɓe. Masana suna kiransa RIS, wasu kuma IRS. Abin da ke gaban mai zaɓi shi ne ko wannan allo ya cancanci kuɗi da ɗawainiyar da zai ci, idan aka jera shi da hanyoyin da suka riga shi.

Tushen da duk hanyoyin suka dogara a kai

A shekarar 1975 Aaron Wyner na cibiyar bincike ta Bell a Amurka ya tabbatar da cewa idan hanyar da sigina ke bi zuwa ga mai laɓe ta fi ta mai saƙo (wato wanda aka aika wa saƙon) lalacewa, ana iya tsara saƙon yadda mai shi zai fahimce shi sarai, mai laɓe kuma ya tashi hannu wofi, ko da kuwa babu wani makulli tsakanin mai aikawa da mai karɓa. A 1978 Leung-Yan-Cheong da Hellman suka nuna cewa a hanyar da ke da hayaniya irin ta yau da kullum, yawan bayanan da za a iya aikawa a asirce shi ne abin da ya rage idan aka ɗebe ƙarfin ɗaukar hanyar mai laɓe daga na hanyar mai saƙo. Wannan ragowar ita za mu kira rarar sirri. Misali, idan siginar mai saƙo ta fi hayaniya da desibel 20 (desibel ma'auni ne na bambancin ƙarfi), ta mai laɓe kuma da desibel 10, na farko zai iya ɗaukar kimanin bit 6.7 a daƙiƙa a kan kowane haz na faɗin zangon rediyon da ake aikawa a kai, na biyu kimanin 3.5, rarar kuwa ta zama 3.2. Idan mai laɓe ya matso har ya samu desibel 20 shi ma, rarar ta ƙare ƙurmus. Saboda haka kowace na'ura da za a ambata a ƙasa aikinta ɗaya ne, wato ta ɗaga lambar farko ko ta danne ta biyu.

Ma'aunan zaɓi

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, shi ne abin da hanyar ke buƙatar a sani game da mai laɓe. Mai laɓe na gaske ba ya aika komai, saurare kawai yake yi, don haka babu yadda za a auna hanyarsa, kuma duk dabarar da sai an san inda yake kafin ta yi aiki ta riga ta raunana tun daga tushe. Na biyu shi ne girman rarar da hanyar ke samarwa a irin wurin da za a kafa ta. Na uku kuɗi ne, na saye da na wutar lantarki. Na huɗu ƙarko da sauƙin kafawa da kulawa. Na biyar shi ne sabon haɗarin da na'urar kanta ke shigowa da shi, har da batun doka da kuma ko tana cikin ƙa'idojin da kamfanonin sadarwa suka amince da su.

Kulle bayanai da makullin lissafi

Wannan ba abokin takarar sauran ba ne, shi ne shimfiɗar da ake ɗora su a kai, don haka ba sai an tsawaita ba. Tsarin kulle Wi-Fi mai suna WPA3 ya fito a 2018, kuma tun 2020 ake wajabta shi ga sabbin na'urorin da ke neman shaidar ƙungiyar Wi-Fi Alliance, yayin da 5G ke ɓoye lambar shaidar mai layi kafin a aika ta ta iska. Ba ya buƙatar sanin komai game da mai laɓe, kuɗinsa bai wuce na rauta mai kyau ba, kulawarsa kuma sabunta manhaja ce. Rauninsa iri biyu ne. Ana samun ɓaraka a tsarin lokaci zuwa lokaci, kamar yadda aka karya tsohon tsarin kulle Wi-Fi mai suna WEP a 2001 da kuma harin KRACK da Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya bayyana a kan WPA2, tsarin da WPA3 ya gada, a 2017. Sannan makulli yana rufe abin da ke cikin saƙo ne kawai, ba ya hana a naɗe siginar a ajiye ta har ranar da za a samu damar buɗe ta, wanda shi ne dalilin da ya sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin makullan da za su jure kwamfutar kwantam (sabon nau'in kwamfuta da ake fargabar zai iya karya wasu makullan yanzu) a watan Agustan 2024. Haka kuma ba ya ɓoye cewa ana magana, ko daga ina, ko da wane lokaci.

Eriya masu yawa da hayaniyar gangan

Idan mai aikawa yana da eriya da yawa, yana iya daidaita su yadda sigina za ta tattaru ta nufi mai karɓa maimakon ta watsu ko'ina. Goel da Negi sun ƙara wata dabara a kan wannan a aikinsu na 2008: a raba ƙarfin aikawa biyu, kashi ɗaya ya ɗauki saƙo, ɗayan ya ɗauki hayaniya da aka ƙirƙira da gangan, a kuma saita hayaniyar yadda za ta soke kanta a daidai wurin mai saƙo amma ta cika kunnen duk wanda ke wani wuri daban. Kyawun wannan hanya shi ne hanyar mai saƙo kawai ake buƙatar aunawa, ba ruwanta da inda mai laɓe ya ɓuya. A ma'auni na farko, babu wadda ta kai ta cikin dabarun da ba na makulli ba.

Tana da sharaɗi, amma. Dole yawan eriyar mai aikawa ya wuce na mai laɓe, in ba haka ba mai laɓe zai iya tace hayaniyar ya fitar da saƙon. Kuma idan mai laɓe ya tsaya a kan layi ɗaya da mai saƙo a fili inda babu abin da ke tare sigina, musamman idan ya fi shi kusa da tashar, to duk abin da aka yi don ƙarfafa wancan shi ma ya amfana, duk ramin shiru da aka haƙa wa wancan, wato wurin da igiyoyin hayaniyar ke soke juna, shi ma yana ciki. Ta fuskar kuɗi, kowace eriya tana tafe da nata amfilifaya (na'urar ƙara wa sigina ƙarfi) da sauran kayan sarrafa sigina, shi ya sa tashoshin 5G masu eriya 64 na aikawa da karɓa suke da tsada da cin wuta, ga zafi da dole a fitar. Rautocin kasuwa suna tattara sigina tun zamanin Wi-Fi 5, sai dai ba sa zuba hayaniyar gangan, don haka mai son wannan ɓangaren sai ya nemi rediyon da ake sarrafawa da manhaja da kuma injiniyan da ya iya shi. Hayaniyar kuma tana iya damun maƙwabta da ke amfani da zango ɗaya, wanda hakan kan jawo hukumar sadarwa.

Na'urar miƙa sigina

Wannan ita ce dangin abin da ake kira busta a kasuwa: tana karɓar sigina, ta ƙara mata ƙarfi, ta sake aikawa. Fasaha ce da ta nuna, ana samunta a kasuwa, kuma ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin salula ta shigar da nau'inta da tashar sadarwa ke iya sarrafawa cikin fitarwa ta 18. Wajen ƙarfafa mai saƙo ba a raina ta. Emil Björnson da abokan aikinsa a jami'ar Linköping ta Suwidin sun nuna a 2020 cewa sai allon RIS ya kai ɗaruruwan ƙwayoyi kafin ya kamo na'urar miƙawa mai eriya ɗaya tak, sai fa inda ake buƙatar gudun aika bayanai mai yawa sosai.

Matsalarta a fagen tsaro ita ce ba ta zaɓen wanda take ƙarfafa wa. Saƙo ɗaya yana fita sau biyu daga wurare biyu, mai laɓe ya samu damar ji sau biyu ya haɗa. Nau'in da ke buɗe siginar kafin ya sake aikawa ya zama wani sabon wuri da dole a amince da shi a kuma tsare shi, nau'in da ke ƙara ƙarfi kawai kuma yana ƙara wa hayaniyarsa ƙarfi tare. Tana buƙatar wuta a kai a kai, kuma kasancewarta mai fitar da sigina da kanta, a Najeriya sai da amincewar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC.

Allon juya sigina marar amfilifaya

Kowa ya san yadda yaro ke karkata madubi ya jefa hasken rana a bangon da ya ga dama. Allon RIS haka yake yi da igiyar rediyo, sai dai shi ba ya motsi. Kowace ƙwaya a jikinsa ɗan faranti ne na tagulla a kan allon lantarki, haɗe da dayod (ɗan ƙaramin makunnin lantarki) guda ko biyu, kuma idan aka sauya wutar da ke shiga dayod ɗin, ƙwayar tana jinkirta igiyar da take mayarwa da wani ɗan ƙanƙanin lokaci. Ƙaramar kwamfuta ce ke tsara jinkirin kowace ƙwaya, yadda igiyoyin za su iso wurin mai saƙo da taku ɗaya su haɗu su yi ƙarfi, su kuma iso wurin mai laɓe a saɓa su cinye juna. Tie Jun Cui na jami'ar Kudu Maso Gabas da ke Nanjin a ƙasar Sin ya gabatar da irin wannan allo mai karɓar umarnin kwamfuta a 2014, sannan Qingqing Wu da Rui Zhang a Singafo suka nuna cewa idan aka ninka yawan ƙwayoyi sau biyu, ƙarfin da ke isa ga mai karɓa yana ninkuwa sau huɗu.

Inda allon ya yi zarra shi ne daidai inda eriya masu yawa suka gaza. A 2019 Miao Cui da Guangchi Zhang da Rui Zhang sun ɗauki yanayi mafi wuya, wato mai laɓe ya fi mai saƙo samun sigina kuma suna kan layi ɗaya, suka nuna cewa allo da aka kafa a gefe yana buɗe wata hanya ta biyu daga wata kusurwa daban, inda mutanen biyu ba sa kan layi ɗaya kuma, har rarar sirri ta dawo. Gwaje-gwajen zahiri ma sun tabbatar da cewa allon yana ƙarfafa sigina. A 2020 masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun gina RFocus mai ƙwayoyi 3,200, wanda ya ninka ƙarfin sigina kusan sau goma a cikin ofis. A 2021 wata tawaga daga jami'ar Huazhong ta Sin ta gwada allo mai ƙwayoyi 1,100 a zangon gigahaz 5.8, ta samu ƙarin desibel 26 a kan farantin tagulla zalla alhali bangon kankare mai kaurin santimita 30 ya raba mai aikawa da mai karɓa, ta kuma aika megabit 32 a daƙiƙa a nisan mita 500, alhali wutar da allon ke ci ba ta wuce kimanin wat ɗaya ba. Wannan ƙarancin cin wuta ba ƙaramin abu ba ne ga wurin da ke dogaro da sola da batir. Sai dai a lura cewa waɗannan gwaje-gwajen ƙarfin sigina suka auna, ba rarar sirri ba, kuma mafi yawan sakamakon tsaro da ake bugawa daga kwaikwayo a kwamfuta yake fitowa.

Akwai abubuwa uku da mai saye ya kamata ya lissafa da alƙalami kafin ya yanke shawara. Na farko wurin kafawa. Ƙarfin da allo ke isarwa yana raguwa ne gwargwadon nisan mai aikawa zuwa allo idan aka ninka shi da nisan allo zuwa mai karɓa, ba idan aka tara su ba. A hanya mai tsawon mita 100, allon da ke tsakiya yana ba da 50 sau 50, wato 2,500, wanda ke mita 5 daga ɗaya ƙarshen kuma yana ba da 5 sau 95, wato 475. Da yake ƙarfi yana bin ninkin wannan lamba da kanta, bambancin ya kai kusan sau 28, kimanin desibel 14, kuma sai an ninka ƙwayoyi fiye da sau biyar kafin a cike shi. Tsakiyar hanya, inda hankali ke fara kai mutum, ita ce wuri mafi muni. Na biyu girma. Ana yawan jera ƙwayoyi a tazarar rabin tsawon zango (tsawon igiyar rediyo guda) ko ƙasa da haka, don haka ƙwayoyi 1,000 a gigahaz 28 ba su wuce santimita 17 a kowane gefe ba, amma a gigahaz 3.5, zangon da NCC ta yi gwanjonsa don 5G a Disambar 2021, za su iya cin kusan murabba'in mita biyu na bango. Na uku kuma labari ne mai daɗi: ba sai an sayi allo mai matakan jinkiri barkatai ba. Mai mataki biyu yana asarar kimanin desibel 3.9 idan aka gwada shi da cikakke, mai mataki huɗu 0.9 kacal, mai takwas 0.2, saboda haka mai huɗu ya wadatar wajen ƙarfafa mai saƙo, ko da yake haƙa ramin shiru mai zurfi a wurin mai laɓe ya fi buƙatar daidaito.

A ma'auni na farko kuwa allon yana da rauni na gaske. Ba shi da kunnen da zai auna hanya da kansa, sai dai ya riƙa gwada saiti daban-daban mai karɓa yana faɗa masa wanda ya fi, kuma lokacin da wannan ke ci yana ƙaruwa da yawan ƙwayoyi. Soke sigina a wurin mai laɓe yana buƙatar a san hanyarsa, abin da takardun bincike da dama ke ɗauka an sani, alhali ramin shirun bai wuce wani yanki na tsawon zango ba, taku ɗaya ya isa ya fitar da mutum daga ciki. Guan da Wu da Zhang sun gano a 2020 cewa idan masu laɓe suka yi yawa kusa da allo, allon da babu hayaniyar gangan tare da shi yana iya kasa kaiwa hayaniyar gangan da babu allo. Ta fuskar ƙarko, babu abin da ke motsi ko ɗaukar zafi a jikinsa, amma na waje yana buƙatar murfi saboda ruwa da ƙura. Ta fuskar kuɗi, kayan haɗinsa masu araha ne, sai dai har yanzu akasari bisa oda ake ƙera shi, kamar yadda kamfanin Greenerwave na Faransa ke yi, kuma kowane allo na zango guda ne. Hukumar ETSI mai tsara ƙa'idojin sadarwa a Turai ta kafa kwamiti a kansa a 2021, amma bai shiga fitarwa ta 18 ta 3GPP ba.

Haɗarinsa na musamman shi ne yana yi wa duk wanda ya riƙe akalarsa aiki. A 2022 masu bincike a jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun nuna yadda za a iya dagula Wi-Fi da allo ba tare da fitar da ko ɗigon sigina ba, a wannan shekarar kuma wata tawaga daga jami'o'in Rice da Brown a Amurka ta yi wani allo da takardar ofis da firinta da ledar ƙarfe, wanda ke karkatar da wani kaso na sigina mai gigahaz 150 zuwa ga mai laɓe. Duk wanda zai kafa allo dole ya tsare layin da ake ba shi umarni kamar yadda yake tsare rautarsa.

Allo mai amfilifaya

Don magance asarar nisa, masu bincike irin su tawagar Linglong Dai ta jami'ar Tsinghua sun gabatar da allon da ƙwayoyinsa ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin su mayar da ita. Yana aiki da ƙwayoyi kaɗan, kuma bai damu da wurin kafawa kamar na farko ba. Farashin hakan shi ne ƙarin wuta da zafi da tsada, da hayaniyar da yake ƙarawa, kuma idan saiti ya kuskure mai laɓe ake ƙarfafa wa. Har yanzu a ɗakin bincike yake, haka ma nau'in STAR da ke mayar da wani kaso na sigina ya bar wani ya ratsa ta bayansa.

| Hanya | Sanin mai laɓe | Kuɗi | Wuta | Ƙarko da kulawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kulle bayanai | Ba a buƙata | Kaɗan | Kaɗan | Sabunta manhaja | Ɓaraka a tsari, naɗe sigina |
| Eriya da hayaniya | Ba a buƙata | Mai yawa | Mai yawa | Sai gwani | Mai laɓe a layi ɗaya |
| Na'urar miƙawa | Ba ta la'akari da shi | Matsakaici | Matsakaiciya | Mai sauƙi | Ji sau biyu |
| Allo marar amfilifaya | Ana buƙata don sokewa | Bisa oda | Kimanin wat ɗaya a gwaji | Mai ƙarko, saiti da wuya | Ƙwace akalarsa |
| Allo mai amfilifaya | Ana buƙata don sokewa | Mai yawa | Matsakaiciya | Bai kai kasuwa ba | Ƙarfafa mai laɓe |

Wa ya dace da me

Ofis ko makaranta ko asibitin da damuwarsa ita ce kada a karanta bayanansa, ya tsaya ga WPA3 da sabunta manhaja, ya rage ƙarfin rauta ya kuma janye ta daga bangon da ke kallon titi, domin kuɗin allo ba zai sayo masa abin da ya fi wannan ba. Wanda matsalarsa raunin sigina ce kawai a bayan gini, kuma bayanansa a kulle suke, na'urar miƙawa mai lasisi ta ishe shi. Kamfanin sadarwa ko hukumar tsaro da ke da tashar eriya masu yawa da injiniyoyinta, wadda kuma ba ta san ta inda mai laɓe zai ɓullo ba, hayaniyar gangan ce zaɓinta na farko, sai ta ƙara allo a wuraren da masu amfani suke kan layi ɗaya da hanyar jama'a.

Allo marar amfilifaya ya fi dacewa da wuri tsayayye, kamar masana'anta ko rumbun ajiya ko mahaɗar gini da gini, inda na'urori ba sa yawo, akwai bango kusa da mai aikawa ko mai karɓa, kuma an san yankin da baƙo zai iya tsayawa, misali wajen katanga ko wurin ajiye motoci, yadda za a rage sigina a yankin gaba ɗaya maimakon farautar mutum guda. Akwai kuma buƙatar da makulli ba ya taɓa biya: hana wanda ke waje gane motsin mutane a cikin ɗaki ta hanyar lura da yadda jikinsu ke sauya siginar Wi-Fi. A nan tsarin IRShield, wanda masu binciken Bochum da cibiyar Max Planck suka gabatar a 2022, ya yi amfani da allo mai sauya saitinsa barkatai ya rage nasarar irin wannan leƙen asiri zuwa kashi 5 cikin 100 ko ƙasa, ba tare da sanin inda mai leƙen yake ba. Ɗalibin da ke zaɓen fagen bincike kuma zai fi samun abin faɗa idan ya ɗauki yanayin da ba a san hanyar mai laɓe ba, da allo mai mataki biyu ko huɗu, ya kuma haɗa da awo na zahiri ko da a kan ƙaramin allo ne a zangon gigahaz 5.8, inda kayan awo suka fi sauƙin samu.